Yadda ake auna ingancin bayanin kayan aikin da ake rubuta wa wakilan ƙirƙirarriyar basira

Tun daga watan Yunin 2023, lokacin da kamfanin OpenAI ya buɗe wa masu rubuta manhaja hanyar da samfuransa na harshe, wato manhajojin da aka horar su karanta rubutun mutane su ba da amsa, za su riƙa kiran wasu manhajoji su yi musu aiki, ƙirƙirarriyar basira ta wuce matakin amsa tambaya ta shiga na aiwatarwa. Abin da a da iyakarsa ya tsara maka wasiƙa, yau yana iya buɗe akwatin imel, ya nemo fayil a kwamfuta, ya soke tikitin jirgi, ko ya tura kuɗi. Irin wannan manhaja mai zaɓar matakin da za ta ɗauka da kanta ita ake kira wakili, ƙananan manhajojin da take kira kuwa su ne kayan aikinta. A watan Nuwamban 2024 kamfanin Anthropic ya fitar da ƙa'idar MCP domin a samu hanya guda ta haɗa wakili da kayan aiki, OpenAI ya rungume ta a watan Maris na 2025, Google ma ya bi sahu, daga nan kuma kowa ya shiga rubuta nasa kayan aikin yana bazawa a intanet. Wannan yawan ne ya taso da tambayar da ba a ba ta muhimmanci ba tun farko, wato ta yaya za a gane cewa bayanin da aka rubuta wa wakili game da wani kayan aiki ya yi kyau.

Kafin a amsa, wajibi ne a san abin da wakilin yake gani. Ba ya ganin umarnin kwamfutar da ke ƙarƙashin kayan aikin, bai halarci zaman injiniyoyin da suka gina shi ba, kuma ba shi da littafin jagora sai idan an miƙa masa. Abubuwa uku ake ajiye masa a gaba: sunan kayan aikin, da 'yan jimlolin bayani cikin harshen mutane, galibi Turanci, da jerin guraben da zai cika, wanda ake tsarawa bisa ma'aunin JSON Schema, inda ake faɗin sunan kowane gurbi, da abin da yake karɓa, lamba ce ko rubutu, da kuma ko cika shi dole ne ko ganin dama. Da waɗannan kaɗai zai yanke hukuncin ko ya kira kayan aikin ko ya ƙyale shi, da abin da zai zuba a kowane gurbi. Halinsa kamar na ɗan aike ne da aka ba takarda aka tura shi garin da bai sani ba, babu waya a hannunsa: duk abin da takardar ba ta faɗa ba zai cike shi da zato, kuma da gaba gaɗi zai cike shi.

A ɗauki kayan aikin karɓar kuɗi. Kamfanonin hada-hadar kuɗi ta intanet irin su Stripe da Paystack suna karɓar adadi ne a mafi ƙanƙantar ɓangaren kuɗin ƙasa, wato kwabo a Najeriya, pesewa a Ghana, santi a Amurka, kuma tsari ne mai ma'ana domin yana kawar da rikicin lissafin ɗigo. To, a ce wani injiniya ya gina kayan aiki a kan irin wannan hanya, ya rubuta bayaninsa haka: "Yana ƙirƙirar buƙatar biyan kuɗi. Adadi: kuɗin da za a biya." Mai shago ya ce wa wakilinsa ya aika wa wani abokin ciniki buƙatar naira 5,000. Wakili ya rubuta 5000 a gurbin, kayan aiki ya karɓa babu musu, abin da ya isa ga abokin ciniki shi ne buƙatar naira 50. Babu ƙararrawar da za ta kaɗa, domin a idon kwamfuta komai ya tafi daidai, wakilin ma zai dawo ya shaida wa mai shago cewa an gama. Abin ya fi haka sarƙaƙiya idan samfurin mai wayo ne, ya riga ya san al'adar kwabo daga karatunsa, ya ninka adadin sau ɗari da kansa, alhali injiniyan ma ya riga ya saka ninkawar a cikin kayan aikin: sai naira 5,000 ta zama naira 500,000. A duka halin biyu jimla ɗaya ce ta ɓace, wadda za ta ce adadin a kwabo yake, don haka naira 5,000 ana rubuta ta 500000. Kuskuren ma'auni dai ba sabon abu ba ne ga injiniyoyi, domin shi ne ya salwantar da kumbon Mars Climate Orbiter na hukumar NASA a 1999, lokacin da manhajar wani ɓangare ta fitar da lissafi a ma'aunin fam irin na Amurka, ɗayan ɓangaren kuma yana jiran ma'aunin mita da kilo.

Daga irin waɗannan kurakurai ne aka tattara tambayoyin da ake sa ran bayani mai kyau zai amsa: me kayan aikin yake yi, a wane yanayi ake kiransa, a wane yanayi ba a kiransa, me kowane gurbi yake nufi kuma a wace siga ake cika shi, me zai dawo da shi, sannan ina iyakarsa. Tambaya ta ukun ita aka fi mantawa, kuma rashinta ya fi ɓarna a inda kayan aiki biyu suka yi kama da juna. Idan akwai ɗaya mai nemo abokin ciniki da sunansa, da wani mai jero duk abokan ciniki, kuma bayanin kowannensu ya ce kawai "yana kawo bayanan abokan ciniki", kada a yi mamaki idan wakili ya jero mutum dubu goma domin ya nemo mutum ɗaya. Sunayen gurabe ma suna cikin bayanin. Gurbin da aka sa wa suna user ba ya nuna ko sunan mutum ake so, ko imel ɗinsa, ko lambarsa ta cikin rumbu, amma user_id ya yanke shakka. Takardun jagora na Anthropic suna ba da shawarar a rubuta aƙalla jimloli uku zuwa huɗu ga kowane kayan aiki, na OpenAI kuma sun kawo wani gwaji mai sauƙi: a miƙa wa sabon ɗan koyon aiki abin da aka miƙa wa samfurin, ba ƙari ba ragi, a ga ko zai iya amfani da kayan aikin daidai, duk tambayar da ya yi kuma a mayar da amsarta cikin bayanin.

Wannan jerin tambayoyi yana da amfani, amma a ganina matatar farko ce kawai, kuma wanda ya tsaya a kanta bai auna komai ba tukuna. Dalilin farko shi ne wanda ya gina kayan aikin ya fi kowa rashin dacewa da tantance bayaninsa, domin abin da ya sani yana cike masa giɓin rubutun ba tare da ya lura ba. Shi ya san adadin a kwabo yake, don haka idonsa yana ganin abin da babu a shafin. Dalili na biyu ya shafi al'adar da ta bazu ta ba wani samfurin harshe jerin sharuɗɗa a ce ya ba bayanai maki. Hanya ce mai sauri idan ana son share dubban bayanai a gano waɗanda babu komai a cikinsu, sai dai irin wannan alƙali an san shi da karkata ga dogon rubutu mai tsari, kuma shi ma ba ya ganin abin da kayan aikin yake yi a zahiri. Bayani yana iya cin maki cikakke alhali ƙarya yake faɗa cikin kyakkyawan Turanci. Ma'aunin da za a dogara da shi shi ne halin da wakili ya nuna bayan ya karanta bayanin ya shiga aiki.

Gwajin hali yana farawa da tara ayyuka irin waɗanda mutane za su buƙata da gaske, kowanne da sakamakon da za a iya tabbatarwa. Aikin da ya ce "kira kayan aikin soke oda da lamba kaza" ba gwaji ba ne, domin an riga an ba da amsa a cikin tambaya. Wanda ya ce "abokin ciniki ya yi ƙorafin an cire masa kuɗi sau biyu a makon jiya, ka bincika ka gyara" shi ne gwaji, domin wakili zai zaɓi kayan aiki da kansa, ya jera su, ya ɗauko lamba daga sakamakon ɗaya ya saka a gurbin wani. Daga nan sai a duba abubuwa daban-daban: ko ya zaɓi kayan aikin da ya dace, ko ya cika gurabe daidai, kira nawa ya yi kafin ya gama, ko ya farfaɗo bayan kuskure, da kuma, mafi muhimmanci, ko rumbun bayanai ya ƙare a halin da ake so. Dole ne kuma a saka ayyukan da babu kayan aikin da ya dace da su, domin bayanin da ya cika kurari yana sa wakili ya kira shi a inda bai kamata ba. Jadawalin gwajin kiran kayan aiki na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, wanda ake taƙaita sunansa da BFCL kuma ya fara fitowa a 2024, ya ware rukuni na musamman domin wannan, inda amsar daidai ita ce wakili ya ƙi kiran komai.

Akwai bambancin da ya kamata a lura da shi a nan. Irin waɗannan jadawalai an gina su ne domin auna samfura, don haka suna riƙe bayanan kayan aiki yadda suke, su canza samfuri. Mai auna bayani akasin haka zai yi: ya riƙe samfuri ɗaya da ayyuka iri ɗaya, ya canza bayanin kaɗai, kuma abu ɗaya a lokaci ɗaya, in ba haka ba ba zai san wane gyara ne ya kawo sauyi ba. Sannan gwaji sau ɗaya bai isa ba, domin samfurin harshe ba ya ba da amsa iri ɗaya kullum. Gwajin Tau-bench da kamfanin Sierra ya fitar a watan Yunin 2024, wanda ya kwaikwayi hidimar abokan ciniki a shagon intanet da kamfanin jiragen sama, ya kawo ma'aunin da ke tambayar ko wakili zai ci aiki guda sau da yawa a jere. A sakamakon da suka wallafa, samfurin GPT-4o bai kai rabin ayyukan ba a gwaji ɗaya, a ɓangaren shago kuma nasararsa sau takwas a jere ba ta kai kashi 25 cikin 100 ba. Lissafin ma da kansa ya isa darasi: wakilin da ke cin aiki kashi 90 cikin 100, idan kowane gwaji zaman kansa yake, damar ya ci sau takwas a jere kusan kashi 43 ce kawai. Bayani mai harshen damo ba lallai ne ya kayar da wakili kullum ba, yana kayar da shi ne jefi-jefi, irin kayarwar da gwaji ɗaya ba ya kamawa.

Alƙaluma suna nuna cewa akwai matsala, amma gano inda take sai an zauna an karanta tarihin kiraye-kirayen ɗaya bayan ɗaya, aikin da yake da gajiyarwa kuma babu makawa gare shi. Anthropic ya ba da labarin cewa lokacin da ya fitar da kayan aikin binciken intanet na samfurinsa Claude, an lura samfurin yana liƙa 2025 a ƙarshen kalmomin bincike ba gaira ba dalili, abin da ya riƙa karkatar da sakamakon, kuma da gyaran bayanin kayan aikin aka magance shi. Babu jerin sharuɗɗan da zai hango irin wannan ɗabi'a tun kafin a gan ta. Wani lokacin kuma karatun yana nuna cewa laifin ba na bayani ba ne. A rubutun da kamfanin ya fitar a watan Disamban 2024 ya ce sa'ad da yake gina wakilin gyaran manhaja domin gwajin SWE-bench, ya fi ɓata lokaci a kan kayan aiki fiye da babban umarnin wakilin, kuma da aka ga samfurin yana ruɗewa da gajeren adireshin fayil idan ya sauya folda, sai aka canza kayan aikin ya daina karɓar komai sai cikakken adireshi tun daga tushe. Gargaɗin da aka rubuta ana iya tsallake shi, amma gurbin da ba ya karɓar kuskure ba a iya tsallake shi. Don haka idan bayani ya fara cika da "kada ka yi kaza" da manyan baƙaƙe, sau da yawa alama ce ta cewa ginin kayan aikin ne yake buƙatar gyara.

Yanzu har wakilan kansu ake sa wa su yi wannan aikin. A watan Yunin 2025 Anthropic ya ce ya gina wakili mai gwada kayan aiki sau da dama, ya gano inda ake tuntuɓe, ya sake rubuta bayanin, kuma wakilan da suka yi amfani da sabon bayanin sun rage lokacin kammala aiki da kashi 40 cikin 100. Alƙalumman kamfani ne a kan tsarinsa, bai kamata a ɗauke su a matsayin abin da kowa zai samu ba. Hanyar kuma tana da tarko: idan aka yi ta gyara bayani a kan ayyukan gwaji iri ɗaya, zai iya haddace su ya kasa a kan sababbi, shi ya sa ake ware wasu ayyuka a ɓoye su, ba a taɓa su sai a gwajin ƙarshe.

Kada kuma a ɗauka tsawo shi ne inganci. Bayanan duk kayan aikin da aka haɗa ana loda su ne cikin abin da samfurin zai karanta a kowane kira, ana kuma auna su da gutsattsarin kalmomin da ake kira tokin, waɗanda a kansu ake cajin kuɗi kuma su ne suke cika iyakar abin da samfuri zai iya riƙewa. A watan Nuwamban 2025 Anthropic ya kawo misalin tsari mai uwar garke biyar, wato manhajojin da ke miƙa wa wakili kayan aiki, da kayan aiki 58, waɗanda bayanansu kaɗai suka ci tokin kusan 55,000 tun kafin mutum ya ce uffan. OpenAI ma yana ba da shawarar kada kayan aikin da ke gaban samfuri a lokaci guda su kai 20, domin zaɓi yana lalacewa idan suka yi yawa. Ke nan kowace jimla sai ta biya kuɗin zamanta, hanyar ganewa kuwa ita ce a cire ta a sake gwaji, idan babu abin da ya canza to ba ta da aiki. Sababbin tsare-tsaren da ke barin wakili ya nemo kayan aiki daga cikin ɗaruruwa kafin a loda masa bayaninsa sun ƙara wa bayani wani nauyin, domin yanzu dole ya ƙunshi kalmomin da bincike zai kama, in ba haka ba kayan aikin yana nan amma ba za a taɓa ganinsa ba.

Saƙon kuskure ma bayani ne, kuma a nan ake yawan yin tuya a manta da albasa. Kayan aikin da ya dawo da "kuskure 400" bai koya wa wakili komai ba, sai ya sake aika abin da ya aika. Wanda ya ce "kwanan wata dole ya zo a sigar shekara, wata, rana, misali 2025-04-03" ya ba shi hanyar gyara a kira na gaba.

Ga wanda yake gina wakilin da Hausawa za su yi wa magana, ayyukan gwajin dole su zo cikin Hausa ko da bayanin da Turanci aka rubuta shi, domin akwai giɓin da ba ya bayyana sai a nan. Idan mutum ya nemi adireshi a Ƙofar Mata, rumbun kuma Kofar Mata ya ajiye ba tare da lanƙwasa ba, kayan aikin da ke neman daidaituwar baƙi da baƙi zai ce babu, wakili kuma ya isar da "babu" a matsayin gaskiya, sai fa idan bayanin ya faɗa masa yadda binciken yake ɗaukar ɓ, ɗ da ƙ. Haka lambar waya, ko a fara ta da sifili ko da +234 a Najeriya da +227 a Nijar. Haka kuma 03/04/2025, wadda a Kano 3 ga Afrilu ce, a Amurka kuwa 4 ga Maris.

Saura batun gaskiya da amana, wanda ya sha bamban da na fayyacewa. Bayani yana iya zama daidai ranar da aka rubuta shi, bayan wata uku injiniya ya canza aikin ya bar rubutun yadda yake, don haka tantancewa ta haɗa da kwatanta abin da bayani ya yi alkawari da abin da kayan aikin ya aikata. A gyaran ƙa'idar MCP na watan Maris 2025 an ƙara alamomin da kayan aiki zai nuna ko karatu kawai yake yi, ko yana iya goge abu, ko maimaita kiransa yana canza sakamako, ko yana hulɗa da duniyar waje, amma ƙa'idar da kanta ta yi gargaɗin kada a yarda da alamomin sai daga majiyar da aka amince da ita, domin mai kayan aikin ne yake rubuta su. A watan Afrilun 2025 kamfanin tsaro na Invariant Labs da ke birnin Zurich ya nuna yadda abin yake iya muni. Sun gina kayan aiki mai tara lambobi biyu kawai, suka cusa a cikin bayaninsa umarnin da ke cewa wakili ya karanta fayil ɗin mabuɗin sirrin mai kwamfutar, ya tura shi ta wani gurbi na gefe, kuma kada ya ambata wa mutumin. Mutum yana ganin gajeren suna a allonsa, samfuri kuwa yana karanta bayanin gaba ɗaya. Ta fuskar fayyacewa wannan bayani ya yi aikinsa sarai, tunda wakili ya fahimta ya kuma bi, abin da ke nuna cewa ma'aunin biyayya shi kaɗai ba zai bambance bayani nagari da mai guba ba. Mai tantancewa dole ya duba ko bayanin yana umartar wakili da abin da ya wuce aikin kayan, ko yana tsoma baki a yadda za a yi amfani da wasu kayan aikin, ko yana neman a ɓoye wa mutum wani abu.

Masu binciken sun kuma nuna cewa uwar garke tana iya canza bayanin bayan mutum ya riga ya amince da shi, ta yadda abin da aka tantance jiya ba shi ne wakili yake karantawa yau ba. Maganin da ake bi shi ne a ajiye hatimin lissafi na bayanin da aka amince da shi, wato lambar da ake fitarwa daga rubutun wadda ke canzawa da zarar an taɓa shi, a riƙa kwatanta shi da wanda ya iso a kowace haɗuwa, idan sun saɓa a dakatar har mutum ya sake dubawa. Sauyin samfuri ma yana buƙatar a sake gwajin daga farko, domin gargaɗin da aka rubuta da kakkausar murya don a tunzura tsohon samfuri mai nawa yana iya sa sabon samfuri mai saurin biyayya ya riƙa kiran kayan aikin a inda babu buƙata.